Harsashin da aka tuhuma a Miami

A 2016 hukumar FBI ta Amurka ta ba kamfanin Glock kwangilar ƙera wa jami'anta ƙananan bindigogi masu cin harsashin 9mm. Masu dogon tunani suka riƙe baki, domin wannan harsashin ne hukumar ta ɗora wa alhakin mutuwar jami'anta biyu shekara 30 baya. Me ya wanke shi?

Tuhumar ta faro ne ranar 11 ga Afrilu, 1986, a wata unguwa da ke kudancin Miami, jihar Florida. Jami'ai takwas suka tare motar wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix, dukansu tsoffin sojoji. Cikin ƙasa da minti biyar aka harba harsashi kusan 145. Jami'ai biyu, Benjamin Grogan da Jerry Dove, suka mutu, wasu biyar suka ji rauni. Jami'i Edmundo Mireles, wanda aka ragargaza wa hannun hagu, shi ya lallaɓa da hannu ɗaya ya ƙarasa ɓarayin.

Abin da ya hana masu bincike barci shi ne gawar Platt. Kusan duk ɓarnar shi kaɗai ya yi ta, alhali an same shi sau 12. Da farko aka zaci a buge yake da ƙwaya, amma gwajin jini ya fito fes. Sai likitoci suka bi sawun harsasan, suka tarar harsashin 9mm da Dove ya harba tun farkon artabu ya ratsa damtsen Platt na dama, ya shige ƙirji, ya fasa huhu, sannan ya tsaya kimanin inci ɗaya kafin zuciya. Raunin na ajali ne, amma ajalin bai zo da wuri ba. Da wannan raunin a jikinsa Platt ya kashe Grogan da Dove.

Hukuma ta ce ta kama mai laifi: 9mm ba shi da ƙarfi. Hukuncin ya yi wa shugabanni daɗi, don ya fi sauƙi a tuhumi ƙarfe da a tuhumi shiri. Platt doguwar bindiga yake riƙe da ita, Ruger Mini-14, yawancin jami'an kuwa masu cin harsashi shida ne a hannunsu. Biyu daga cikinsu bindigoginsu sun suɓuce lokacin da motoci suka yi karo, Grogan kuma tabaraunsa ya faɗi.

Duk da haka binciken ya haifar da abu mai amfani. A 1987 FBI ta tara likitoci da masana a Quantico, daga nan ta fito da ma'auni. Ana harba harsashi cikin wani daskararren abu mai taurin tsokar mutum, kamar romon ƙafar saniya da ya kwana cikin sanyi, a ga zurfin da zai kai. Dole ya nutsa inci 12 zuwa 18, ko da ya fara ratsa tufafi masu kauri, katako, ƙarfen mota ko gilashinta. Jami'i Urey Patrick ya rubuta dalilin a 1989: harsashin ƙaramar bindiga ba ya kayar da mutum don ƙarfin dukansa. Sai dai ya taɓa ƙwaƙwalwa ko lakar baya, ko kuma jini ya zuba har jiki ya saki, kuma ko zuciya ta fashe mutum na iya ci gaba da motsi na daƙiƙa 10 zuwa 15. A nan aka fahimci Platt.

Aka koma harsashin 10mm da bindigar Smith & Wesson 1076. Harsashin na dukan hannu sosai, don haka aka rage masa albarushi. Da kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka ga kwanson ya yi wa albarushin yawa, sai suka gajarce shi, suka fito da .40 S&W a 1990. FBI ta ɗauke shi a 1997 da Glock 22 da 23, 'yan sandan jihohi da fararen hula masu ɗaukar bindiga a ɓoye su ma suka rungume shi.

Sauran bayanin yana jikin harsashin Dove ɗin kansa. Winchester Silvertip ne mara nauyi, mai rami a baki, an ƙera shi don ya buɗe da wuri ya tsaya, kada ya fice ya sami wani a baya. Aikin da aka yi shi dominsa ya yi, damtse ne ya cinye masa tafiya. Matsalar ƙira ce, faɗin harsashin ba ruwansa. Da masu ƙera harsashi suka fara aiki da ma'aunin FBI, sai suka samar da 9mm mai buɗewa kuma ya kai zurfin da ake so.

A 2014 sashen horo na FBI ya fitar da takardar da ta rufe shari'ar. Ta ce likitocin tiyata ba sa iya bambance raunin 9mm na zamani da na .40 ko .45. Ta ƙara da cewa jami'an tsaro kan kuskure kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na harbinsu a lokacin artabu. Idan haka ne, abin nema shi ne bindigar da ba ta fizgar hannu, mai ɗaukar harsashi da yawa: Glock 17 na cin 17, Glock 22 mai girma ɗaya da ita na cin 15. Harsashin 9mm ya fi araha kuma, don haka atisaye ya fi yawa.

Wannan lissafin ya fi tsananta ga Ba'amurken da ke son bindigar da zai ɓoye a ƙugu ƙarƙashin riga, domin gwargwadon ƙanƙantar bindiga da rashin nauyinta, gwargwadon yadda take zabura a hannu. Shi ya sa da SIG Sauer ta fitar da P365 a 2018, 'yar ƙarama mai cin harsashi 10, da 9mm ta ƙera ta.