Fatar da ke kan alminiyam

Na gaji da jin cewa alminiyam ba ya tsatsa. Yana yi, ya ma fi baƙin ƙarfe saurin yi. Da zarar ya sha iska sai wata siririyar fata ta lulluɓe shi, ido ba ya ganinta, ita ce ke hana tsatsar cin gaba. Ita ce kuma ke sa mai walda a Kambaza ko Kalgo, wanda zai haɗa maka ƙofar ƙarfe kafin azahar, ya girgiza kai in ka miƙa masa fallen alminiyam.

Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660. Fatar nan kuwa sai an haura 2,000. Wato kafin wuta ta ci fatar, abin da ke ƙasanta ya zama ruwa, sai fallen ya ɓurma. Masu zuba tukwane sun san ta sarai, tana cikin dattin da suke yaɗewa a saman narkakken gwangwani kafin su juye shi cikin yashi. Su da sauƙi, cokali ya ishe su. Mai walda kuwa sai ya kankare ta da burushin waya, ya lulluɓe wurin da iskar agon don kada ta dawo, ya kuma saita lantarkinsa yadda zai farfasa ragowarta. In akwai danshi ko maiƙo, ɗinkin ya cika da ƙananan ramuka.

Sai batun amfani da hasken leza a walda. Yana huda ƙarfe da zurfi da sauri, amma alminiyam yana mayar da mafi yawansa kamar madubi, kuma tsinin hasken ba ya cike giɓi in fallayen ba su haɗu daidai ba. Wutar walda tana cike giɓi da narkakkiyar waya, sai dai ba ta sauri, zafinta kuma yana lanƙwasa falle. Wani mai bincike a Landan, William Steen, ya gwada haɗa leza da wutar walda wuri guda a ƙarshen shekarun 1970: leza ta buɗe rami, wutar ta cike shi. Yadda suke taimakon juna a cikin ramin, wannan lissafin injiniyoyi ne.

An daɗe kafin masana'antu su karɓa. A 2002 Volkswagen ta fito da motar Phaeton, wadda aka ɗinke ƙofofinta na alminiyam da wannan dabara, Audi ma ta yi amfani da ita a A8. Ko a can Jamus, sai an wanke fallen tas kafin a kunna injin.