Nesa Ta Zo Kusa

Duk ɗan Arewan da ke fatauci a Agege ko Sabon Badun ya san takaicin shafin intanet da ya ƙi buɗewa a waya, alhali kuwa data tana zurarewa. Sau da yawa nauyi ne ya yi wa shafin yawa, ga shi kuma daga Turai ake jawo shi ta ƙarƙashin teku.

Maganin biyu ne: maginan shafi su matse hotuna su zubar da tarkace, sa'an nan a ajiye kwafinsa a kwamfutocin kusa da mai karatu. Hukumar NCC da ke Maitama, Abuja, ta taimaka aka kafa cibiyar IXPN a Ikko a 2006, domin saƙon gida ya daina zagayawa ta Turai. Da wayoyin teku suka tsinke a Maris 2024, aka ga amfanin ajiyar gida.