Wa ya zana, wa aka zana? Abin da ya kamata ku sani game da mata da fasahar zane

Duk shekara idan 13 ga watan Mayu ta gabato, aiki kan yi wa telolin Diffa yawa, domin mata ma'aikata da 'yan ƙungiyoyi na kawo atamfar ranar matan Nijar a ɗinka musu. Wannan atamfa tana da tarihi. A ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi tattaki a Yamai, saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Tattakin ya sa aka ƙara musu kujeru, daga baya kuma aka keɓe ranar ta zama ta matan ƙasa baki ɗaya. Don haka matar da ta ɗaura wannan zane, saƙo ta ɗaura. Nan ne fafutukar neman haƙƙin mata ta haɗu da fasahar zane da ƙira, kuma wannan haɗuwa ita ce abin da za mu warware.

Me ake nufi da wannan batu?

Tambayoyi uku ne ginshiƙinsa. Wa ya yi aikin, kuma an ambaci sunansa? Yaya ake nuna mace a hoto, a allon talla, ko a jikin bango? Sannan idan aikin ya yi kuɗi, aljihun wa suke shiga?

A ƙasashen Turawa muhawarar ta yi zafi ne daga 1971, lokacin da wata masaniyar tarihin zane 'yar Amurka, Linda Nochlin, ta rubuta maƙala a kan dalilin da ya sa ba a jin sunayen mata cikin manyan masu zane. Ta nuna cewa ba basira mata suka rasa ba, ƙofofi aka rufe musu: makarantun koyon zane, zaman almajirci wurin gwanaye, da attajiran da ke sayen aiki. A 1989 wata ƙungiyar mata masu zane ta birnin New York mai suna Guerrilla Girls ta shiga gidan tarihin Metropolitan ta yi ƙirga. A sashen zanen zamani, mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu zanen ba, amma kashi 85 cikin 100 na hotunan tsiraicin da aka rataye na mata ne. Wato ana son mace a matsayin abin kallo, ba a son ta a matsayin mai riƙe alƙalami.

Shin ba baƙon abu ne aka kawo mana ba?

A'a. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta san ƙarfin abin da ido ke gani. Da ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara, kowace jaji, wato malamar da ta naɗa jagora, sai ta ba ta malfa a naɗe da jan rawani. Duk ƙauyen da jaji ta shiga, kafin ta buɗe baki an san malama ce ta zo da izini. An yi amfani da sutura an ba ilimin mace martaba, fiye da shekara 150 da suka wuce, a ƙasar Sakkwato.

Masu ɗar-ɗar da zanen abu mai rai ma hankalinsu ya kwanta: galibin fasahar matanmu zayyana ce ta layuka, kusurwoyi, ganyaye da launuka.

Fasahar da ke cikin gidajenmu

Ku duba yadda ake saƙa faifai a ƙauyukan bakin Komadugu ko a yankin Maine-Soroa da Goudoumaria, inda goruba take da yawa. Mace za ta tsaga kaba siriri-siriri, ta rina wata ja, wata kore, wata baƙa. Sai ta fara daga cibiya, tana naɗewa tana ɗinkewa, da'ira na bin da'ira. Ba takarda a gabanta, ba ma'auni, amma tauraron da ta nufa zai fito da kusurwoyinsa daidai, domin lissafin yana kanta: tsinke nawa na ja kafin baƙi ya shigo, a zagaye na nawa zanen zai buɗe. Kuskuren tsinke ɗaya ya isa ya karkatar da faifan gaba ɗaya. Wanda ya yi irin wannan lissafi a kwamfuta ana kiran sa mai tsara zane, a biya shi da tsoka. Ita kuwa sai a ce tana rage zaman banza.

Haka jeren ɗakin amarya yake. Ranar jere, gwaggwanni da ƙawayen uwa ne ke tsayawa su tsara kwanoni da tasoshi da fayafayai, babba a ƙasa ƙarami a sama, launi na amsa launi, har ɗakin ya ɗauki ido. Ga mai lalle da ke zana hannun amarya, sana'ar da matan Barebari suka yi suna a kanta. Ga matan Fulani da ƙorensu masu zane, waɗanda suke ji da su tamkar dukiya. Ga matan Tubawa da Larabawa makiyaya, da su ne ke saƙa tabarmin rumfa su kuma kafa ta. Ga hular da maigida ke ƙwambo da ita ranar Juma'a, wadda sau da yawa mace ce ta yi makonni tana ɗinkinta da allura a tsakar gida. A kasuwa za a ce hular Bama ce, ko a kira sunan mai shago. Sunan wadda idonta ya sha wahala ba ya fitowa, kuma dillali ya fi ta samu.

Matan birnin Zariya sun nuna cewa ana iya sauya wannan. Ɗinkin babbar riga a da aikin maza ne, amma mata suka shige shi daga cikin gidajensu, suna fitar da aska biyu da aska takwas. A 1994 wasunsu suka kafa ƙungiya mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina, suka riƙa sayar da aikinsu da sunan ƙungiyarsu har a Amurka. A Nijar ma akwai SAFEM, baje kolin sana'o'in hannun mata da ake yi a Yamai tun 2000.

Wadda sunanta ya fita

Naira na yawo a kasuwannin Diffa kamar sefa. Wanda takardar naira 20 ta faɗo hannunsa ya juya bayanta, zai ga mace zaune tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya daga garin Kwali. Wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane, irin na mata da hannu, tana ƙawata randunanta da zanen kunama, ƙadangare, kifi da kada. A 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. An baje aikinta a Landan, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, ita da ba ta yi boko ba. Ta rasu a 1984. Yabon gwani ya zama dole, amma a lura: hannunta ya ƙware tun kafin ta haɗu da Cardew. Abin da ya ƙaru shi ne an fara haɗa aikin da sunanta. Magina tukwane mata nawa ne a ƙasar Manga, nan yankin Diffa, da ba su sami wannan ba?

Wa ke riƙe da kyamara?

Tun hare-haren Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, hoton matar wannan yanki da duniya ta fi gani iri ɗaya ne: tana zaune a bakin tanti, goye da yaro, tana jiran rabon abinci. Wahalar gaskiya ce, ba mai musunta. Amma wannan matar ita ce ke tsinkar tattasai a fadamun Komadugu, ita ke shanya shi, ita ke adashi, ita ke biyan kuɗin makarantar yara. Idan kullum a matsayin abin tausayi ake nuna ta, masu tsara taimako za su zo mata da sadaka alhali jari take nema, 'yarta kuma za ta tashi tana ganin iyakarta ke nan.

A Maiduguri, maƙwabciyarmu, mata biyu sun ɗauki kyamara don gyara wannan. Fati Abubakar, wadda ta karanta aikin jinya, ta fara Bits of Borno a Instagram a 2015, tana ɗaukar 'yan kasuwa, 'yan makaranta, bukukuwan aure da kwalliyar sallah a garin da duniya ba ta san shi da komai ba sai bam. Rahima Gambo kuma ta yi jerin hotuna mai suna Tatsuniya tare da 'yan mata ɗalibai, inda ake ganin su suna wasa da tafa hannu cikin kayan makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mace 'yar gida tana shiga inda baƙo ba ya shiga, kuma tana ganin abin da ba ya gani.

Har a gini

Tsara gini ma yana cikin batun, domin gini ne ke nuna wa aka yi wa wuri. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai tsara gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, sun yi aikin cibiyar Hikma a garin Dandaji na jihar Tawa, aka kammala a 2018. Tsohon masallacin ƙasa na garin ya koma ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa, ta yadda mata da matasa suka sami wurin karatu da haɗuwa a tsakiyar gari. Duk mai gina kasuwa, asibiti ko makaranta a Diffa ya kamata ya tambayi matan da za su yi amfani da wurin: ina inuwa, ina makewayi, ina mai shayarwa za ta zauna?

Me ya rage gare mu?

Idan kun sayi faifai, tabarma ko hula, ku tambayi wadda ta yi, ku riƙe sunanta, in da hali ku saya daga hannunta. Kafin ku ya da farashi ƙasa, ku lissafa kwanakin da aikin ya ci. Ƙungiyoyin mata su riƙa sa alamarsu a kan kayansu. Mai ɗaukar hoto ya nemi izinin mace kafin ya ɗauka, ya gaya mata inda hoton zai je. Iyaye, yarinyar da ke cika littafinta da zane kada a kwaɓe ta, a saya mata fensir mai launi. Jami'ar Diffa da gidajen rediyon jiha kuma su je wurin tsofaffin gwanaye, su ɗauki hoton zanukansu, su rubuta sunan kowane zane da na wadda ta iya shi. Gudun hijira ya raba iyaye mata da 'ya'yansu da fadamun da ake yankan kaba, kuma sana'ar da ake koyo a gindin uwa tana iya yankewa cikin tsara ɗaya. Wannan aiki ne na yanzu, tun masu ilimin suna raye.