Gasasshen dankalin Turawa da cuku: yadda ake yin ƙaramin kwano

A jihar Yuta ta ƙasar Amurka akwai wani abinci da suke kira dankalin jana'iza. Sunan ya samo asali ne daga al'adar matan cocin Mormon, waɗanda sukan dafa shi a manyan faranti su ciyar da iyalin mamaci bayan an dawo daga maƙabarta. Ya shahara har aka buga hotonsa a jikin wani bajo lokacin wasannin Olamfik na hunturu da aka yi a birnin Salt Lake a 2002. Dankali ne da ake haɗawa da miyar madara da cuku, a barbaɗa konfileks a sama, a gasa. Ƙasansa laushi, samansa ƙaras-ƙaras.

Su can suna amfani da gurzajjen dankali mai ƙanƙara da miyar gwangwani, kuma kwano ɗaya yakan ciyar da mutum goma ko fiye. A nan za mu nuna yadda ake yin na mutum uku zuwa huɗu da ɗanyen dankali, irin wanda ake nomawa a Bokkos da Mangu. Konfileks ma ba baƙo ba ne, kamfanin NASCO na Jos yana yin sa. Cuku ne mai tsada, shi ya sa ya kamata uwargida ta san dalilin kowane mataki kafin ta zuba kuɗinta a tukunya.

Kayan haɗi

Dankalin Turawa rabin kilo, wato matsakaita 4 ko 5. Man shanu babban cokali 3. Fulawa cokali 2. Madara kofi 1, ko ta gari ce a dama ta. Kindirmo cokali 3. Rabin albasa. Cuku giram 100. Konfileks kofi 1. Gishiri da masoro.

Maganar cuku

Ba kowane cuku ne ke narkewa ba. Warar Fulani, wadda ake daskarar da ita da ruwan tumfafiya, ko an soya ta tana nan yadda take. Haka busasshen cukun Nijar, balle awarar waken suya. Duk suna da daɗi a wurinsu, amma a wannan girki za su zauna ne gutsi-gutsi. Wanda ake so shi ne ceda, mai launin rawaya, da ake samu a manyan kantuna. Idan babu, a sayi ɗan cukun nan mai kusurwa uku da ke cikin kwali mai hoton saniya, guda 6. Yana narkewa sumul a cikin miya, sai dai ƙamshinsa bai kai na ceda ba.

Dankali

A duba shi da kyau. Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro yana ɗauke da wani dafi mai suna solanin, mai sa ciwon ciki da amai, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Idan koren kaɗan ne a yanke shi da zurfi, idan ya mamaye dankalin a zubar.

A fere, a yanka ƙanana kamar kan yatsa, a tafasa da gishiri na minti 7 zuwa 8. Ana so wuƙa ta shige shi amma bai farfashe ba. Kada a tsallake wannan mataki da cewa ai tanda za ta dafa shi. Tsamin kindirmo yana hana ɗanyen dankali yin laushi da wuri, sai sama ya ƙone ciki kuma da sauran gardi. A tsane shi a matsami, a bar shi minti 5 tururin ya fice. Ruwan da ya rage a jikinsa shi ne ke tsinka miya.

Miya

A narkar da man shanu cokali 2 a wuta kaɗan, a soya albasa har ta yi laushi, ba ta yi ja ba. A zuba fulawa a juya na minti 1 don warin ɗanyen gari ya tafi. Sai madara, kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba tsayawa, har ta yi kauri kamar kunu.

Nan ne yawancin masu koyo suke ɓata aiki. A sauke tukunyar daga wuta kafin a zuba cuku da kindirmo. Idan cuku ya tafasa yakan dunƙule ya saki mansa, sai a ga mai yana iyo a sama, ƙasa kuma tsaki-tsaki. Zafin miyar kaɗai ya isa ya narkar da shi. Fulawar da aka sa tun farko ita ce ke riƙe madara da mai wuri ɗaya, don haka kada a rage ta. A ɗanɗana kafin a ƙara gishiri, domin cuku yana da nasa.

A juye dankalin a ciki, a gauraya a hankali, a zuba a ƙaramin kwanon gashi da aka shafa wa mai. Zurfin haɗin kada ya wuce tsawon ɗan yatsa. Kwano mai faɗi ya fi mai zurfi, don kowa ya sami rabonsa na ɓawon sama, wanda shi ne yara ke rububi.

Ɓawon sama da gashi

A murƙushe konfileks da hannu, ba a daka shi ya zama gari ba. A narkar da sauran cokalin man shanu a cuɗa da shi. Man ne ke sa shi ya yi ja ya yi ƙaras. Ba mai, bushewa kawai zai yi. Busasshen burodi da aka gurza ma yana yi. Sai lokacin da za a sa a tanda ake barbaɗawa, domin idan ya jima a kan miya yakan jiƙe.

A gasa a tanda mai zafin digiri 180 na minti 25 zuwa 30, ba a rufe ba. Ya yi idan gefe yana ɓararraka, sama ya yi ruwan zuma.

Wadda ba ta da tanda tana iya yin yadda ake gasa kek: babbar tukunya da yashi a ƙasa, a bari ya yi zafi, a ɗora kwanon a kan yashin, a rufe, a sa garwashi a kan murfin. Matsalar wannan hanya ita ce tururi, wanda ke taruwa a murfi ya ɗigo kan ɓawon. Abin da ya fi shi ne a gasa dankalin shi kaɗai, a soya konfileks da mansa a kasko na minti 2 zuwa 3 ana juyawa, sannan a barbaɗa bayan an sauke. A ganina wannan ya ma fi na tanda ƙaras.

Bayan an sauke a jira minti 10 miyar ta kama jikinta kafin a sa cokali.

Ajiya

Abinci ne mai madara, ba ya jure zama. Kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. Wannan na daga cikin dalilan yin ƙaramin kwano a gidan da babu firij ko wuta ba ta tsayawa: a dafa abin da za a cinye a zama ɗaya. Mai firij tana iya ajiye ragowar kwana 3 a rufe. A ɗumama shi a tanda ko a kasko har tsakiyarsa ta yi zafi sosai, a soya sabon konfileks a barbaɗa, domin na jiya ya riga ya yi laushi.