Fukar Doki: Yadda Ƙurar Abinci Ke Sauya Ginin Huhu

Daga cikin cututtukan da ke kassara doki sannu a hankali, kaɗan ne suka kai fuka wahalar sha'ani, domin ciwo ne da ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya yaɗuwa daga wannan doki zuwa wancan, kuma yakan shekara yana ɓarna a cikin ƙirji kafin mai dabbar ya farga. Likitocin dabbobi sun daɗe suna kwatanta shi da ciwon huhun masu shan taba, amma bincike ya nuna ya fi kama da asmar ɗan Adam, shi ya sa tun wajen 2016 sunan asmar dawaki ya zama ruwan dare a tsakaninsu. Nau'insa mai tsanani ya fi kama dokin da ya haura shekara 7.

Tushen ciwon yana cikin abin da dokin ke shaƙa. Busasshiyar ciyawa da aka adana da sauran danshi takan yi fumfuna, wadda ƙwayoyinta ke tashi tare da ƙura duk lokacin da aka girgiza dami, kuma tun da doki ta hanci kaɗai yake numfashi, hancin nan kuwa cikin abinci yake yini, shi ne ke kwasar kaso mafi tsoka. Wannan bayani ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda harawar wake da ta gyaɗa da dusa su ne cimar doki a rani, ga kuma hazon hunturu da bargar da iska ba ta ratsawa sosai. A kudu maso gabashin Amurka akwai wani nau'in fuka da ke tashi a makiyaya lokacin zafi da danshi.

Abin da ke faruwa a cikin huhun shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Hanyoyin iska sun yi kama da bishiya da aka kifar, maƙogwaro ne gindinta, rassanta kuma suna ta ƙanƙancewa har su ƙare a ƙananan jakunkuna inda iska ke saduwa da jini. Kowane reshe yana da tantani mai laushi daga ciki da zoben tsoka daga waje. Idan ƙurar ta sauka, jikin dokin da ke da lalurar yakan ɗauke ta a matsayin abokin gaba, sai tsokar ta tsuke, tantanin ya kumbura, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta ne, su yi dafifi a cikin bututun. A lafiyayyen doki ba su cika wuce kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyin da ake samu a ruwan da likita ya wanko daga huhu ba, amma a mai fuka mai tsanani sukan haura kashi 25.

A farkon al'amari duk wannan yakan lafa idan ƙurar ta kau. Maimaituwarsa shekara da shekaru ita ce ke sauya ginin naman kansa: ƙwayoyin da ke fitar da majina su ƙaru har majina mai kauri ta riƙa toshe ƙananan rassa, zoben tsokar ya yi kauri ninki biyu ko fiye, sannan wani nama mai tauri irin na tabo ya taru a bangon bututun, wanda ke hana shi buɗewa yadda ya saba. Masu bincike a Jami'ar Mantiriyal da ke Kanada sun nuna cewa ko bayan shekara guda ana magani ko ana nesanta doki da ƙura, kaurin tsokar raguwa kawai yake yi, ba ya komawa yadda yake tun asali.

Daga waje ana iya karanta wannan labari a jikin dabbar. Lafiyayyen doki da ke tsaye a turke yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya, kusan ba a ganin motsin cikinsa. Mai fuka kuwa yakan tsaya hanci a buɗe ko da bai yi sukuwa ba, yana tari musamman lokacin cin abinci, kuma fitar da iska ta fi masa wuya a kan shigar da ita, saboda bututun ƙara matsewa suke yi lokacin fitarwa. Don haka sai ya fitar da numfashi hawa biyu, na biyun da yunƙurin tsokar ciki, har tsokar ta yi kauri ta bar wani layi a kwiɓi, bin ƙasan haƙarƙari. Duk dokin da layin nan ya bayyana a jikinsa, ciwon ya riga ya kwana biyu.

Magunguna suna da amfani, wasu na rage kumburi, wasu na buɗe bututun, sai dai na rage kumburin ana bayar da su ne bisa kulawar likitan dabbobi saboda fargabar ciwon kofato. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da allura alhali abincin da bargar suna nan yadda suke. Jiƙa harawa cikin ruwa na kamar rabin awa kafin a bayar, yayyafa wa dusa ruwa, zubar da duk damin da ya yi warin fumfuna, fitar da doki kafin a share barga, da ɗaure shi inda iska ke kaɗawa, su ne ke yin babban aikin. Dokin da ya samu sauƙi, idan aka mayar da shi kan busasshen abinci mai ƙura, hakin yakan dawo masa cikin 'yan kwanaki.