Me Ya Sa Jaruman Amurka Suka Daina Cika Silima?

'Yan'uwana mata, a 2023 kamfanin Marvel ya fito da The Marvels, fim ɗin jarumai mata uku. Dala miliyan 206 ya samo, ko uwar kuɗi bai mayar ba. Shi ne na 33 a jerinsu; wadda ba ta ga na baya ba sai ta zauna kamar baƙuwa a gidan biki. Ga shi kullum duniya za ta tashi, kullum jarumi ya tare. An gaji.

Amma in na ba ɗalibaina na Kongolam labarin Bayajidda, da macijin Kusugu da ya hana mutanen Daura ruwa sai ran Juma'a, ba mai gyangyaɗi. Kowacce da safen nan ta ɗauki tulu kafin ta zo aji.