Yadda Na'urar PET Ke Gano Kumburin Jijiyar Jini Da Kan Makantar Da Tsofaffi

Yau za mu ajiye zancen waya mu leƙa asibiti, domin duba wata na'ura da ake kira PET, da yadda take gano cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da GCA.

Mece ce GCA?

Kumburi ne da ke kama bangon manyan jijiyoyin jini, musamman wadda ta bi ta gefen kai tsakanin ido da kunne. Likita Bayard Horton na asibitin Mayo a Amurka ya yi bayaninta a 1932. Kusan duk masu ita sun haura shekara 50, kuma ta fi kama mata. Alamunta su ne sabon ciwon kai da ba a saba da shi ba, ciwon muƙamuƙi lokacin tauna, da dishi-dishin gani. Idan aka yi jinkiri, ido kan mutu, kuma galibi ba ya dawowa.

Yadda PET ke aiki

Kyamarar wayarka tana kama hasken da ya zo daga waje. PET kuwa tana kama hasken da ke fitowa daga cikin jiki. Majiyyaci zai yini ba ci na kusan awa 6, sannan a yi masa allurar FDG, wato sukari da aka liƙa wa sinadarin fulorin-18. Ƙwayoyin da ke haddasa kumburi mayunwatan sukari ne, don haka sai su zuƙe shi fiye da maƙwabtansu.

Bayan kamar awa ɗaya, sai a shigar da shi cikin zoben na'urar. Duk sanda fulorin ɗin ya narke, haske biyu na gama sukan fita, ɗaya gabas ɗaya yamma. Idan firikwensin biyu da ke fuskantar juna suka kama su a lokaci guda, kwamfuta ta san cewa tushen yana kan layin da ya haɗa su. Daga miliyoyin layuka irin wannan take zana hoto, jijiyar da ta kumbura ta fito tana haske. Fifikonta shi ne tana ganin jiki gaba ɗaya, har babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, wadda ba a iya yanko ta a gwada.

Me ya sa ba a ko'ina take ba?

Ƙarfin fulorin-18 yana raguwa da rabi duk minti 110. Cikin awa huɗu, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Dole a haɗa shi a injin saikulotiron kusa da wurin hoton. Daga Legas zuwa Daura ya fi kilomita 1,000, in aka biyo mota da shi zai iso ba komai.

To, me za ka yi?

Idan kakarka a Kusugu ta fara kukan waɗannan alamu, kada ka tsaya neman PET, kada kuma ka tsaya a kan farasitamol. A kai ta asibiti a ranar, a Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Gwajin jini na ESR da CRP, da hoton altirasawun irin wanda ake yi wa masu juna biyu, suna taimaka wa likita ya yanke hukunci. Ƙungiyar EULAR ta Turai ma altirasawun ta sa a gaba tun 2018. Maganin firednisolon kan rage hasken PET cikin 'yan kwanaki, amma likitoci ba sa jinkirta shi saboda hoto, domin ceton ido shi ne farko.